Wai in ka ba ma'aikaci aiki ya ce "to", za a yi ne ko ya ji ne kawai?

ƊanFagge:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema don abin ya fara isata. Ina aiki a wani ƙaramin gidan buga takardu a Kano, katin biki, kalanda, fosta da takardun jarrabawar makarantun kuɗi, mu 8 ne, wata 5 kenan da oga ya ɗora ni a kan sauran. Kowa ya iya aikinsa, bakinmu ne kawai ba ya haɗuwa. Akwai dattijon da ke kan injin yanka, sa'an babana ne, duk abin da ka faɗa masa sai ya ce to. Ran Litinin na ce Baba akwai kati guda 500 ana so Laraba da la'asar, ya ce to, Laraba mai kati ya zo ko taɓawa ba a yi ba, ashe wuƙar injin ta dakushe tun Asabar kuma ya sani sarai, wai nauyi ya ji ya ce min ba zai yiwu ba a gaban yara. Sai kuma yarinyar da ke mana zane a kwamfuta, a Legas ta tashi, ita komai a fuska take faɗa, ta shigo da safe ko gaisuwa ba ta gama ba sai ka ji "wa ya taɓa min fayil", yanzu mutum 2 sun daina mata magana wai ba ta da kunya. Ni na rasa wa zan gyara a cikinsu.

Maman Hanif:
Ƙanina ai "to" iri-iri ce. Akwai to na yarda, akwai to na ji, akwai tooo mai ja wadda ke nufin akwai magana a ƙasa amma sai ka tono. Ni nas ce, lokacin miƙa aiki ga masu karɓar dare na daina tambayar ƙananan ma'aikata "kin gane?" don ba wadda za ta ce a'a, sai in ce faɗa min ƙarfe nawa za ki ba mai gado na 4 allurarsa, a nan ake gane wadda ta ji da wadda ta gyaɗa kai kawai. Shi Baba kar ka ƙara ba shi aiki a tsaye a gaban yara, ka same shi a wajen injinsa ku gaisa sosai ka tambayi iyali, sannan ka ce Baba me kake gani zai hana katin nan fita Laraba? Ka ga yanzu shawararsa ka nema, ba sai ya musa maka ba, wlh da kansa zai kawo maganar wuƙar.

Abba_Jirgi:
Oga wannan ba matsalar Bahaushe ba ce shi kaɗai. A 1977 a tsibirin Tenerife jirage 2 ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Cikin dalilan har da kalmar "OK", mai ba jirage umarni daga hasumiya ya ce wa matuƙan KLM OK sannan ya ƙara da cewa su dakata kar su tashi zai kira su, rediyo ya shaƙe, OK ɗin kawai ta fito sosai. Injiniyan jirgin KLM ma ya yi tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, kyaftin ɗin babba ne ƙwarai, ya ce eh, shi kuma bai ƙara ja ba. Bayan nan aka ƙara tsaurara yadda ake magana a rediyo, aka kuma fara koya wa ƙaramin ma'aikaci ya yi magana ko da babba ba ya so, kuma umarni in an ba ka sai ka maimaita shi da bakinka. Ku yi allo a bango, aiki, mai aiki, rana, kowa ya rubuta ranar da hannunsa.

Umm_Sadiq:
Ni dai kar a taru a kan yarinyar nan. Kara da kunya abin so ne amma kunyar Baba ce ta jawo muku asarar kwastoma, ita kuma ba ta ɓata aikin kowa ba. Kuma kar a ce wai halin mutanen kudu ne, na zauna a Agege shekara 6, Yarbawa sun fi mu tsawon gaisuwa, namiji har ƙasa yake kwanciya wa babba. Saurin Legas ne ya bi jikinta, wanda ya saba fita tun asuba don gudun cunkoso ba ya tsayawa ina gajiya ina aiki. Ka kira ta gefe, ko ka sa wata mace babba ta faɗa mata ta ba gaisuwa minti 1 kafin maganar aiki, kuma ta riƙa cewa fayil ya ɓaci maimakon wa ya ɓata. Su ma masu gabar ka gaya musu in ta faɗi abu a fuska ta gama kenan, ba ta kai gulmarsu wajen oga.

ƊanFagge:
Na gode ƙwarai. Anti Maman Hanif na gwada yau da safe, na zauna kan bencinsa muka sha shayi, ban gama tambaya ba ya lissafo min abu 3 da injin ke buƙata har da wanda ban taɓa ji ba, ya ce tun bara yake son faɗa. Allon ma na sayo. Saura mai kai kaya, shi ba ya karanta rubutu a guruf ɗin WhatsApp, in ka tambaye shi ya kai ko bai kai ba sai ya turo saƙon murya na minti 4, ko na ninka saurinsa zuwa 2x sai ya gama labarin cunkoson Kantin Kwari kafin in ji amsar. Shi kuma ya zan yi da shi?