Akwati mai tauri ko jakar yadi: da me kuke ɗaukar sandunan golf a jirgi?

Mai tambaya, daga Kaduna:
Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa Legas domin yin wasa a Ikoyi Club, daga can kuma in wuce Dubai da sandunana, alhali tafiye-tafiyen da na saba yi zuwa filin golf na Rayfield a Jos ko na IBB a Abuja duk a mota ne. Ina roƙon waɗanda suka saba sa sanduna a jirgi su faɗa mana abin da suka gani da idonsu game da akwati mai tauri da jakar yadi mai soso, kafin in kashe kuɗina.

Wani Alhaji, daga Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina amfani da akwati mai tauri na kamfanin SKB, kuma tun da na saye shi ko ƙwarzane ban gani a jikin sanduna ba. Sai dai kariyar tana da farashinta. Akwatin kaɗai yana kusan kilo 8 tun ba a sa masa komai ba, kuma yawancin kamfanonin jiragen ƙasa da ƙasa kilo 23 suke ba kaya guda, saboda haka idan ka cika sanduna 14 da dokar golf ta yarda da su, ka haɗa da jakarsu da takalma da ƙwallaye, to sikeli ya kusa kai wa iyaka. Wahala ta biyu tana jiranka a bakin filin jirgi, domin akwatin ba ya lanƙwasawa kuma ba ya shiga bayan ƙaramar tasi, dole sai ka nemi mota irin Sienna ko a kwantar da kujerun baya. A ɗakin otal ma yakan cinye kusurwa guda.

Wani memba, daga Abuja:
Ranka ya daɗe Alhaji, ni na bi ɗaya hanyar, kuma sai da na yi asara na gane inda haɗarin yake. A wata tafiya na karɓi jakata ba yagewa ba komai, amma da na buɗe sai na tarar doguwar sandar bugun farko ta karye dab da kanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ita ce ta fi kowace sanda tsawo, ƙotarta kuma ta girafayit ce (wani abu mara nauyi, ba ƙarfe ba), don haka idan jaka ta faɗo ta ka, nauyin kayan gaba ɗaya a kanta yake sauka. Matsi daga gefe ba kasafai yake karya sanda ba, faɗuwa ta ka ita ce matsalar.

Tun daga nan nake sa sandar kariya irin Stiff Arm ta kamfanin Club Glove, wadda ake ja ta ɗara doguwar sandar tsawo kaɗan, ta yadda ita za ta karɓi bugun. Ina kuma kwance kan sandar da ɗan sifanansa, tunda yawancin na zamani ana iya cire musu kai, in naɗe shi in sa a aljihun jaka. Sandunan ƙarfe kuwa nakan cusa tawul a tsakaninsu in ɗaure su wuri guda domin kada su riƙa dukan juna. Da wannan shiri jakar yadi ta wadatar da ni, ga shi nauyinta kusan rabin na akwati ne, kuma ana naɗe ta a ajiye ƙarƙashin gado.

Wata Hajiya, daga Jos:
'Yan uwa, ku duba tayoyi da zif kafin ku duba komai, domin a jakata ta farko su suka fara lalacewa. Mai taya biyu tana bar maka rabin nauyin a hannu duk tsawon layin awo. Yanzu ina amfani da jakar yadi ta ClubGlider ta kamfanin Sun Mountain, mai ƙafafu masu taya da ake buɗewa, kuma da hannu ɗaya nake tura ta.

Tsohon ma'aikacin sashen kaya a filin jirgi:
Yallaɓai mai tambaya, tunda tafiyarka ta haɗa jirgi fiye da ɗaya, ni na fi karkata ga shawarar Alhaji. Kaya masu tsawo ba sa bin hanyar sauran akwatuna, da hannu ake ɗaukarsu, kuma duk sauyin jirgi ƙarin lodi ne da sauke, sau da yawa cikin gaggawa. Akwai kamfanonin da ke sa mai jakar yadi ya sa hannu a takardar da ke rage alhakinsu idan wani abu ya karye, don haka a karanta sharuɗɗan kayan wasanni kafin a sayi tikiti. A ɗauki hoton sandunan kafin a rufe, a kuma buɗe jakar tun ba a bar zauren karɓar kaya ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan alhakin kamfanonin jirage ta ba fasinjan ƙasa da ƙasa kwana 7 ya kai ƙorafin lalacewar kaya a rubuce, amma na sha ganin wanda ya cike fom nan take ya fi samun biyan bukata.

Memba na Abuja:
Na yarda da batun sauyin jirgi, sai dai a lura cewa kilon da ake bayarwa a jiragen cikin gida yakan gaza na ƙasa da ƙasa, wanda ke nufin mai akwati mai tauri zai iya biyan kuɗin ƙarin nauyi tun a zangon farko. Malam, ka ɗora jakarka da sandunan a sikeli a gida, ka ƙara nauyin abin da kake son saya a kai, sannan ka kwatanta da abin da tikitinka na Legas ya ba ka.