Waɗanda suka taɓa gwajin bakin mahaifa a Abuja, ku zo ku faɗa min yadda ta kaya

Maman Ummi, Kubwa: Salam 'yan uwa. Satin da ya wuce na je gwajin nan da ake shafa ruwan binega a bakin mahaifa, nas ta leƙa ta ce wani ɗan wuri ya yi fari, wai ba kansa ba ce amma wurin ya fara canjawa. Tun ranar ko loma ba ta wuce min.

Anti, Gwarinpa: Kwantar da hankalinki ƙanwata. Ni da aka ɗebi samfur daga bakin mahaifata aka kai lab CIN 1 aka ce, likita ya ce matakin farko ne na canjin wurin kuma galibi jiki da kansa yake share shi, in dawo bayan shekara. Shekarar nan Allah kaɗai ya san yadda na yi ta, ko marata ce ta ɗan murɗa sai in ce shikenan ta faru. Da na koma fes, babu komai.

Mai aikin lab, Nyanya: Wannan zaman zullumin na Anti shi ne yake cin raina, don ni ma na yi shi. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce silar abin, nau'i na 16 da 18 su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na kansar bakin mahaifa, amma da duban wurin kawai ba ka iya cewa wannan canjin zai warke wancan zai ci gaba. Shi ya sa masu bincike suke bin wasu sinadarai da sojojin jiki ke aika wa juna saƙo da su, saitokayin ake ce musu, irin su IL-6 da IL-10. Ita IL-10 aikinta ta ce wa sojoji ku sassauta, an kuma lura tana yawa a inda canjin ya yi nisa, to ana fatan wata rana a auna su a ruwan gaban mace a gane wacce ke buƙatar magani da wuri. Matsalar dai ko infekshan na yau da kullum yana motsa su, shi ya sa har yanzu suna ɗakin bincike, ba su zo asibiti ba.

Hajiya, Lugbe: Ni ranar da aka ga farin ranar aka ƙona min shi da wani ɗan ƙarfe mai zafi, ko minti biyu bai kai ba, kamar ciwon mara na al'ada. Ruwa ya yi ta zuba na makonni, kuma an ce wata guda ban da kusantar maigida, sai da na kai shi gaban nas ya ji da kunnensa sannan ya yarda.

Maman Ummi: Wallahi kun sauke min dutse. Ummi tana shekara 10 aka yi mata a makaranta rigakafin HPV ɗin da aka fara a Oktoban 2023, har faɗa na yi da malamarsu a lokacin, yau ga shi ina gode mata. Talata zan koma, Hajiya da azumi ake zuwa ko zan iya karyawa?