Tambaya: yaron da ya faɗi gwajin Turanci, matsalar harshe ce ko dai Hausarsa ce ke leƙowa?

Assalamu alaikum, masu aikin gyaran magana. Yaro ne ɗan shekara 6, Hausa yake ji a gida, Turanci sai a aji tun shekara biyu da suka wuce. An gwada jinsa, lafiya ƙalau. A CELF-5, gwajin auna ƙwarewar harshe da Turanci, ya samu 72, alhali matsakaicin maki 100 ne, kuma ma'aunin an gina shi ne kan yaran da Turanci ne babban harshensu.

Kurakuransa fa duk na Bahaushe ne. Yana cewa "two house", kamar yadda muke cewa gida biyu. Yana zubar da -ed mai nuna shuɗaɗɗen lokaci, domin a Hausa wakilin suna ne ke ɗaukar lokaci. Yana musanya p da f, yana cusa wasali tsakanin baƙaƙe, irin yadda muka samu burodi daga "bread". Mahaifiyarsa ta ce bai bambanta da yayyensa ba, malaminsa kuma ya ce ko umarni mai gaɓa biyu ba ya riƙewa.

An fassara gwajin zuwa Hausa, amma makin ba shi da abin kwatantawa. Inda abin ya cije shi ne gwajin maimaita kalmomin da ba su da ma'ana. In an ƙirƙira su da gaɓoɓin Hausa, daga biyu zuwa biyar, kuskuren karin sauti ko tsawon wasali ana ƙirga shi? Sannan a tsarin gwada-koyar-sake gwadawa, zama nawa ne ya isa kafin a rubuta rahoto?