Gareji mai cin mota ɗaya tak: ina za a sa tayoyi da kayan aiki?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Garejina faɗinsa mita 3 ne, tsawonsa mita 6, daga ƙasa zuwa silin kuma mita 2.7. Motar tsawonta mita 4.7, faɗinta mita 1.8. Bangon na bulo ne mai rami, rufin kuma kwano ne a kan katako. Kayan da nake son su zauna tare da motar: tayoyi huɗu masu rim da biyu marasa rim, jak babba mai taya, akwatunan sifana, ƙaramin kwamfaresa, batir ɗaya na ajiya, galan-galan na baƙin mai da man birki, da jarkar fetur. Ina kuma son ɗan teburin aiki. Yanzu duk a ƙasa suke, ƙofar direba ma da ƙyar take buɗuwa. Ta ina zan fara? Kuma shin injin ɗaga mota zai shiga, don in samu wuri a ƙarƙashinta?

Tsohon makanike:

Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da alli da tef ɗin awo kafin ka sayi komai. Shigar da motar, ka matsar da ita zuwa bangon da ba na direba ba har ya rage santimita 30. Faɗin da ke hannunka mita 1.2 ne, ka ga kenan gefen direba ya samu santimita 90, kuma ƙofa tana buƙatar kusan 75 zuwa 80 kafin mutum ya fita ba tare da ya karkace ba. Wannan gefen ka ɗauka haramun ne ga kaya, ko bokiti kada ya zauna a ƙasansa. A tsawo kuma kana da rarar mita 1.3. Bar santimita 30 tsakanin bayan mota da ƙofar gareji, gaba ya rage mita ɗaya cur. Zana layin motar da alli a ƙasa, da inda ƙofofi ke kaiwa idan an buɗe su, da inda but ke kaiwa idan ya tashi. Duk abin da ke wajen layin nan shi ne filinka.

Bangon ƙurya, wanda motar ke fuskanta, shi ne dukiyarka. Kanta mai ƙafa, mai zurfin santimita 45, za ta zauna a can ta bar maka fiye da rabin mita na tsayuwa gaban bamba. Ka jera kaya gwargwadon nauyi: jak da kwamfaresa da batir a hawa na ƙasa, akwatunan sifana daidai ƙugu zuwa ƙirji, abubuwa marasa nauyi irin su fitila, tsumma da matatar iska a sama. Kantar ko da ƙafa take tsaye, ka ɗaure samanta da bango, domin mai tsawon mita 2 da zurfi ƙasa da rabin mita saurin kifewa gare ta idan aka ja abu mai nauyi daga gaba.

Bangon gefe ma yana da amfani, amma daga sama. A gefen direba kada kanta ta sauko ƙasa da mita 2, saboda kai. A ɗaya gefen za ta iya farawa daga mita 1.65, tunda rufin mota ne kawai ke wucewa ƙarƙashinta, zurfinta kuma kada ya wuce santimita 30. Ka sa mata ɗan baki na katako mai tsawon santimita 4 a gaba. Girgizar rufe ƙofa kullum tana tura kaya kaɗan-kaɗan, wata rana gwangwani ya sauko kan gilashi.

Maganar injin ɗaga mota ka bar ta. Lissafinsa shi ne tsayin abin da ke sama, da na abin da ke ƙasa, da ƙarin kamar santimita 25 na kaurin dandamali da sararin da makullinsa ke buƙata. Mota mai tsayin mita 1.45 a silin mai 2.7, abin da zai rage a ƙarƙashi bai fi mita ɗaya ba, sai dai ka riƙa aiki a durƙushe. Injin ɗagawa mai ƙafa biyu kuma yana son daɓen kankare mai kaurin aƙalla santimita 10, kuma yawancin daɓen gareji na gida ba wanda ya auna kaurinsa.

Ƙarshe, ka kafa guntun katako a ƙasa inda tayar gaba za ta tsaya, ka manna soso mai kauri a bango daidai inda bakin ƙofa ke taɓawa.

Mai walda:

Oga ya gama maganar awo. Ni inda zan tsaya shi ne bangon, domin nan ne aikin ke lalacewa. Bulo mai rami fatarsa ba ta da kauri, 'yan santimita ne sai ka faɗa cikin rami. Robar nan da ake cusawa a huda sannan a ɗaura sukuru tana riƙe hoto da agogo, ba ta riƙe kilo 50. Noti mai buɗewa a cikin huda kuma, wanda ke da ƙarfi a kankare, a bulo mai rami ko dai ya buɗe a iska, ko ya fasa fatar bulon tun kana ɗaurawa.

Mutane suna duba nauyin kaya kawai, alhali abin da ke fizge noti shi ne nisan kayan daga bango. Ɗauki kanta mai zurfin santimita 40, kilo 50 a bakinta. Idan ƙafar maƙalin ƙarfen da ke riƙe kantar, wadda ta kwanta a bango, santimita 20 ce, notin sama yana jin ja na kilo 100, ninki biyu. Idan ka tsawaita ƙafar ta zama santimita 40, jan ya dawo kilo 50. Shi ya sa nake cewa ƙafar da ke jikin bango kada ta gaza hannun da ke ɗauke da kaya, kuma a haɗa su da ƙarfe na uku a karkace, su ba da kusurwa uku. Ba tare da wannan na ukun ba, duk nauyin yana kan ɗigon walda guda.

Ga yadda za ka yi. Ƙarfen angul mai milimita 40 da 40, kaurin milimita 4. Maƙali ɗaya a kowane santimita 60. A sama katako mai kaurin milimita 18. Wajen kafawa akwai hanya uku, kuma ga su bisa ƙarfinsu. Ta farko, ka nemo ginshiƙi ko linta, inda kankare yake zalla, ka sa noti mai buɗewa na milimita 10, ya shiga aƙalla santimita 6 bayan filasta. Ƙwanƙwasa bango da guduma za ta nuna maka wurin, sautin kankare a toshe yake. Ta biyu, ka huda bangon gaba ɗaya, ka zura dogon ƙarfe mai zare, ka sa faranti mai faɗin tafin hannu a baya ka ɗaure. Wannan ba ya fita sai dai bulon ya fito. Ta uku, gam ɗin kafa noti mai haɗi biyu, tare da ragar da ake sawa a ramin don kada gam ɗin ya zube ciki. Nan kuskuren da aka fi yi shi ne rashin hure ƙurar hudar, sai gam ya kama ƙura maimakon bulo, da kuma ɗora kaya kafin lokacin bushewar da aka rubuta a jikinsa ya cika.

Idan duka ukun sun gagara, ka bar nauyin ya sauka ƙasa: a yi wa kantar ƙafafu biyu siraru a jikin bango, notin ya zama aikinsa hana ta karkata ne kawai.

Teburin aiki kuma mai naɗewa za ka yi, santimita 120 da 50, tsayinsa daga ƙasa 90, da hinji uku a bango da ƙafafu biyu masu saukowa. Idan an naɗe shi bai fi santimita 10 yake ci ba. Amma ka sani ba teburin duka ba ne. Aikin guduma yana kwance hinji.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. To sama fa? Na ga tsakanin rufin mota da silin akwai fiye da mita ɗaya a banza. Ba zan iya rataye tayoyin a jikin katakon rufi ba?

Mai walda:

A'a Malam, kada ka yi. Katakon rufi an yanka shi ne don kwano da silin. Taya mai rim mai inci 16 tana kai kilo 20, huɗu kilo 80 kenan suna lilo a kan motarka, a jikin katakon da ba ka san ko gara ta taɓa shi ba. Idan lallai kana son wannan sararin, a gitta ƙarfe mai ƙwari daga bango zuwa bango, ya zauna a kan linta, a saman bonet inda ba a tsayawa. Ko a hakan, tsani da tabarmar mota da kwalayen da babu nauyi kawai za su hau.

Mai harkar taya da batir:

Bari in shigo kan tayoyin, don akwai bambancin da ba a cika lura da shi ba. Mai rim da marar rim ba ajiya ɗaya ake musu ba. Mai rim a kwantar da ita, a ɗora wata kan wata, ko a rataye ta ta ramin tsakiyar rim. Marar rim kuwa a tsaye take zama, ana ɗan juya ta duk wata, kuma ba a rataye ta, saboda ƙugiya tana jan bakinta ya karkace, ranar sawa ta ƙi riƙe iska. Kwantar da marasa rim da yawa na dogon lokaci ma yana matse ta ƙasan.

Idan lambar girman da ke gefen tayoyinka 205/55 ce a kan rim mai inci 16, faɗin da'irar kowace kusan santimita 63 ne, kaurinta 20 da 'yan kai. Huɗu a kwance za su tashi santimita 82, su ci kusurwa guda ta bangon ƙurya. Wannan ya fi maka sauƙi da ɗaga kilo 20 sama da kai. Ka shimfiɗa katako a ƙasa, ka sa kwali tsakanin rim da rim don kada su karce juna, saman kuma ka ɗora faifan katako ya zama wurin ajiye abu mara nauyi. Biyun marasa rim su hau bango a kan bututu biyu da aka jera, tazarar santimita 35 a tsakaninsu, tayar ta zauna a tsakiya kamar a kwando.

Abokan gabar roba su ne rana, zafi, mai, da wata iska da injin lantarki mai tartsatsi ke fitarwa. Don haka kada tayoyin su maƙwabci injin walda, janareta ko kwamfaresa, shi ke kawo tsattsagewar nan ƙanana a gefen taya. Wanke su, su bushe sarai, sannan kowace ta shiga baƙar leda a ɗaure. Kafin ma ka ba su wuri, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta kai shekara goma ba ta cancanci wuri a garejin da ke da matsi ba, ko da zanenta bai cinye ba.

Batir kuma cikakke yana nuna volt 12.6. Ka auna shi duk wata, da ya sauko 12.4 ka yi masa caji, domin zama a sauke shi ke sa farantansa su daskare ya daina karɓa. Lokacin caji yana fitar da iska mai kama wuta, saboda haka ƙofa a buɗe, kuma nesa da jarkar fetur. Kada ka ajiye sifana a kantar da ke samansa ba tare da ka rufe kawunansa ba, guda ɗaya ta faɗo ta haɗa su an samu tartsatsi.

Tsohon makanike:

Tunda an ambaci fetur, wannan jarkar ita ta fi damuna a duk lissafinka. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana taruwa, kuma kwamfaresa mai tashi da kansa yana yin tartsatsi a daidai wannan ƙasan. In akwai wani wuri mai inuwa da iska a wajen gini, can ya fi. In babu, jarkar ta zama wadda aka ƙera don fetur, kada a cika ta har wuya saboda yana kumbura da zafi, ta zauna kusa da ƙofa, a kuma buɗe ƙaramar tagar iska a ƙasan bango. Tukunyar kashe gobara mai hoda ta rataya a bakin ƙofa, ba a ƙurya ba, don kada sai ka ratsa wuta kafin ka kai gare ta.

Man birki yana shan danshin iska da zarar an buɗe shi, kuma wanda ya sha ruwa yana saurin tafasa idan birki ya yi zafi. Ka riƙa sayen ƙaramar kwalba, ka rubuta ranar buɗewa a jiki. Yana kuma cin fenti, don haka ba ya hawa kantar da ke saman mota. Ruwan lagireto yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, wurinsa akwati mai kwaɗo in yara na shiga. Duk galan ɗin mai su zauna cikin faranti mai baki, tsumman da ya sha mai kuma a gwangwanin ƙarfe mai murfi.

Kwamfaresa ka kwance notin ƙarƙashin tankinsa bayan kowane aiki ruwa ya fita, in ba haka ba tsatsa na cinsa daga ciki. Jak a sauke shi har ƙasa kafin a tura shi ƙarƙashin kanta, don kada sandarsa ta zauna a waje tana ɗaukar ƙura. Ka bar wa hawa na ƙasa tsayin santimita 25 daga daɓe, jak ɗin zai shige da tayoyinsa, hannunsa kuma a cire a rataye a bango.