Takin ciyawar ƙofar gida a gindin ƙatuwar kabewa

Baban Sadiq: Salamu alaikum. Bana na shuka irin kabewar nan da ake gasa da ita, Atlantic Giant, a bayan gidanmu nan Minnesota. Yaɗon ya kai taku goma sha biyu. Akwai rabin buhun takin ciyawar ƙofar gida da ya rage mini, an rubuta 32-0-4 a jikinsa. In barbaɗa mata ko kuwa?

Maman Iman: Wa'alaikumus salam. Baban Sadiq, don Allah dakata, ka fara juya buhun ka karanta bayansa. Da yawa daga irin wannan takin ana haɗa shi da maganin kashe haki mai faɗin ganye. In ka ga 2,4-D ko dicamba, kada ya ko kusanci gindinta, domin kabewa ma mai faɗin ganye ce. Bara na tara yankakkiyar ciyawar da aka yi wa irin wannan takin na lulluɓe gindin tumatir, cikin kwana kaɗan ganyen ya nannaɗe, kan ya murɗe kamar igiya. Bai ƙara yin kirki ba.

Baban Sadiq: Na duba Hajiya, babu magani, taki ne zalla.

Malam na Zariya: To Alhamdu lillahi. Amma lambar farko, 32, naitirojin ne, bai yi nisa da yuriyarmu mai 46 ba. An yi shi ne don ciyawa ta yi kore shar, ita kuwa ciyawa ba a jiran ta haihu. Kabewa in ta ƙoshi da shi sai ta yi ta zuba ganye manya-manya, launinsu ya yi duhu har ya doshi baƙi, yaɗon ya kumbura da ruwa, kana ɗaga shi don ka gyara masa hanya sai ka ji ƙas, ya tsage. Furen mace ya yi jinkirin fitowa, wanda ya fito kuma ɗan ya kai kamar lemo ya yi rawaya ya faɗi. Ga darɓa tana son ɗanyen ganye mai taushi.

Yaya Babba: Malam ya faɗi gaskiya, amma ni ban ce a yar da buhun ba. Yanzu da take gudun yaɗo tana buƙatar naitirojin. Ɗan kaɗan, nesa da gindi, inda saiwa za ta je ta tarar, a bi da ruwa sosai, kada ƙwaya ɗaya ta zauna a kan ganye. Saura mako biyu ka haɗa fure, wato ka shafa garin furen namiji a na mace, sai ka tsaya.

Malam na Zariya: Yaya, nan ne tsorona. Irin wannan takin sau da yawa wani kasonsa mai rufi ne, yana narkewa a hankali tsawon makonni. Ko ya tsayar da hannu, takin ba zai tsaya ba. Sai ya ci gaba da sakin ƙarfi daidai lokacin da ɗan ke girma, kuma irin wannan kabewar a ganiyarta takan ƙara fiye da kilo 15 a rana. Ruwan sama mai yawa ya sauka a kan haka, sai ka wayi gari ta tsage ta wajen cibiya. Tsagar da ta kai ciki kuwa ba a karɓarta a gasa.

Maman Iman: Ga kuma sifilin tsakiya, wato babu fosfaros a ciki. Dokar Minnesota ta taƙaita fosfaros a takin ciyawa saboda tafkuna. Fotash ɗin ma 4 ne kacal, shi ne kuwa abin da take nema bayan ta ɗauki ɗa. Ka aika ƙasarka ɗakin gwajin ƙasa na Jami'ar Minnesota, su gaya maka abin da ta rasa.

Baban Sadiq: Wallahi tun da na ji labarin kabewar Travis Gienger, ɗan jiharmu, mai kilo 1,247 a 2023, nake ɗokin nan. Ni ko kilo 100 na samu na gode Allah.

Yaya Babba: Za ka samu in sha Allahu. Ka riƙa binne yaɗon da ruɓaɓɓen takin gargajiya, kowace gaɓa za ta jefa saiwa. Kafin ka zuba komai, turo mana hoton ganyen. In kore ne mai haske sai a ɗan taimaka mata, in ya riga ya yi duhu ka mayar da buhun gareji.

Baban Sadiq: Na gode ƙwarai. Bayan la'asar zan ɗauko muku, da na bayan buhun gaba ɗaya.