An gayyace ni gashin cervelat ranar 1 ga Agusta, yaya kuke yi?

Ɗan Zazzau a Bern:
Assalamu alaikum. Mai gidan da nake haya, dattijo ne mai kirki, ya ce lallai in bi su kan tudu ranar 1 ga Agusta, ranar ƙasar Suwizalan, a kunna babbar wuta a gasa sosej ɗinsu cervelat a tsinke. Na duba takardar da ke jikinsa, naman sa ne haɗe da na alade. Ba na son in ƙi zuwa, ba na kuma son in zauna kamar maraya kowa na ci. Tambayata biyu: na kaza da ake sayarwa a kantunan Migros da Coop ya halatta? In na kai nawa, za su ji haushi?

Dogo Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Ka sayi merguez, sosej ɗin naman rago da na sa, wajen Larabawa, shi ke nan.

Maman 'Yan Biyu:
Ka je, ƙanena. Ranar nan kamar sallah take a wurinsu, tun yarjejeniyar 1291 suke lissafinta, kuma ɗan Suwis bai cika kiran baƙo cikin iyalinsa ba. Tunda kowa da tsinkensa yake miƙa wa wuta, ba a kan waya ɗaya ake jerawa ba, naka ba zai taɓa nasu ba. Na kaza kuwa ka karanta har ƙasan takarda, hanjin da aka ɗura shi a ciki ma abin dubawa ne.

Tsohon St. Gallen:
Yaro, kada ka yarda da bakin kowa. Shekarun farko da na zo, abokin aikina ya kai ni baje kolin OLMA a watan Oktoba, ya saya mini farin sosej ɗin garin, ya rantse naman maraƙi ne da madara kawai. Har dariya ya yi mini da na nemi mustad, wai a St. Gallen cin mutuncin sosej ne. Duk shekara ina ci, na kai iyalina, na kai baƙin da suka zo daga gida. Sai wata rana 'yata, tana aji uku lokacin, ta karanta mini abin da ke ciki: maraƙin na nan, amma da naman alade da kitsensa. Na tare mutumin, ya ce ai kaɗan ne. Kaɗan! Har ya yi ritaya gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Maman 'Yan Biyu:
Subhanallah. Baba, ba ka da laifi tunda ba ka sani ba.

Tsohon St. Gallen:
Na san haka, amma zuciya ba ta san haka ba. Surukina fa na ba shi da hannuna.

Ɗan Zazzau a Bern:
Allah Ya huci zuciyarka, Baba. To na kazan fa?

Malam Ƙarami:
Ko da ba alade, yankan fa? Tun 1893 ƙasar nan ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, shi ya sa naman halal da yawa daga Faransa ake shigo da shi.

Dogo Maraɗi:
Malam, kai da ka zo bara za ka koya mana Suwis? Yankan Ahlul Kitabi fa?

Malam Ƙarami:
Ba a auna fatawa da shekarun zama. Ya tambayi limamin masallacinsu.

Bahaushen Jeniba:
Ku na can kuna da sauƙi. Mu a Disamba, lokacin bikin Escalade, sosej ɗin longeole ake ci, alade zalla, ba ma zancen karanta takarda. Cervelat ɗin nan kuwa wai miliyan 160 suke cinyewa a shekara, kuma hanjin shanun Birazil masu tozo suke ɗura shi a ciki. Da aka hana shigo da hanjin a 2006 saboda ciwon haukan shanu, sai da ƙasa ta ɗauki zafi. Su zo kara ta Wudil mu cika musu jirgi 😂

Dogo Maraɗi:
Merguez faran 18 na kuɗin Suwis kilo na saya satin jiya.

Maman 'Yan Biyu:
A ina? Mu nan Zurik bai taɓa sauka ƙasa da 26 ba.

Bahaushen Jeniba:
Yuro 13 a Annemasse, tsallaken iyaka a Faransa. Sai dai kilo ɗaya kacal aka yarda mutum ya tsallako da shi kyauta, abin da ya haura faran 17 ne kowane kilo.

Tsohon St. Gallen:
Wannan ma da sauƙi. Kilishi fa? Nama daga wajen Tarayyar Turai ba ya shiga ko ƙyalle. Na Agadasawa ƙanwata ta ɗauro mini, aka buɗe jaka a filin jirgi, ina kallo aka jefa a kwandon shara.

Dogo Maraɗi:
Ni dambun nama aka ƙwace mini. Na ce yaji ne, kare ya ƙaryata ni.

Ɗan Zazzau a Bern:
Jama'a, saura kwana huɗu fa. Merguez ba ya zama a tsinke kamar nasu, siriri ne.

Bahaushen Jeniba:
Dogo, wane filin jirgi ne mai karen? Matata na dawowa ranar Laraba.