Sukurun da ya ƙi kamawa cikin roba, wa ya taɓa gyarawa?

Dan Mabera: Salam jama'a. Fankata ta caji ce, na kwance bayan don in canza batir, da na zo maidawa sukuru biyu sai juyawa kawai suke yi, ramin ya cinye. Ga zafin wanga wata, ba ni iya kwana babu ita. Mi kuka yi da irin haka ta same ku?

Baban Ummi: Tsinken ashana malam. Ka karya kan, ka tura guda ko biyu cikin ramin sannan ka ɗaure. Rediyona shekara biyu ke nan a haka.

Mai Kabu-kabu Arkilla: Baban Ummi rediyo ai zaune yake wuri guda. Na gwada a kobar mashin ɗina, kafin in kai Dandima girgiza ta zubar da shi. Abin da ya riƙe min yankin kebul tai ne, wato siririyar robar nan ta ɗaure wayoyi, roba da roba, sukurun ya samu abin cizo.

Oga Gyara: Ni sana'ata ke nan, dut mako sai an kawo min. In ramin bai tsage ba, gam ɗin Araldite nike kwaɓawa in cika shi, in shafa ma sukurun basilin kaɗan don kar ya manne har abada, in sa shi a hankali in bar shi ya kwana, da safe ka kwance ka ga sabon zare ya fito daidai da sukurun. Masu gaggawa kan zuba bekin soda su ɗiga sufa gulu, nan take yake daskarewa kaman dutse, sai dai yana zafi kuma dole ka sake huda rami. Amma fa robar bokiti da jarka gam bai kama ta, kar ka ɓata kuɗinka. Kuma don Allah in za ku maida sukuru ku fara juya shi baya har ku ji ya faɗa tsohon zarensa, yawancin wanda anka kawo min ƙarfi ne ya kashe su.

Hajiya Runjin Sambo: Ni dai maigida sukuru mai kauri ya sa ma blender ɗina, robar ta tsage gida biyu, har yau ban huce ba 😂

Dan Mabera: Oga na gode, na sa Araldite ɗin tun la'asar. Yau a tsakar gida zan kwana.